Turken da Baffanki Ya Ɗaure Maganarsa

Bebeji, bayan yankan dawa, 1996

Barakatu, sanyin ruwan randa a tsakiyar bazara, ƙanshin ƙasa a yayyafin farko, farar karsanar da duk garken Badafi ba a haifi irinta ba, ke ma so kike in yi ƙarya? Ke ma? Ki sauke ƙwaryar nan, ki goge hannunki, ki karanta da idonki. Kada ki ba kowa ya karanta miki, don tambayar taki ce ke kaɗai. Kina so mutumin da zai zama uban 'ya'yanki ya tsaya a tsakiyar kasuwar Yako ya ce abin da idonsa ya gani bai gani ba? In haka kike so, me ya hana ki faɗa mini da bakinki? Me ya sa sai yayanki Dikko ne zai kawo mini saƙo, yana shan rake yana tofar mini da ɓawon a kan takalmi?

Kin gani, ko sallama ban yi miki ba. Assalamu alaikum, ya ke inuwar tsamiyata, ya ke kindirmon safiya da hannu bai taɓa ba. Ina gajiya? Ina Inna, ina shanu? Ki yi haƙuri da gaisuwar da ta zo a baya, tsoro ne ya ture ta. I, tsoro! Ni Labaran mai gyaran janareta, wanda ake cewa bakinsa ya fi injin niƙa ƙara, ni da 'yan kamashon tashar Bebeji suke sauya hanya in sun hango ni, yau ga ni kamar karan da iska ta samu shi kaɗai a gona. Jiya na kwance injin wani mutum na kasa mayar da shi, na zauna ina kallon kusoshi a ƙasa kamar ban taɓa ganinsu ba.

Kin tuna yammacin da kika nuna mini tauraron nan? Bara ne, an idar da magariba, ana ɗaure maruƙa a bakin rugarku, hayaƙin da aka tura wa shanu saboda sauro ya kwanta ƙasa-ƙasa. Na zo zance bakina cike da abin da na tsinta a tsofaffin littattafan da nake saye a Kano, ina ta zuba miki: wai rana ta fi duniya girma, wai wata ba shi da hasken kansa. Kika bar ni sai da na gaji don kaina, sannan kika ce, "Malam mai littafi, duk karatun nan naka, ka san Turke?" Na ce wane turke, na akuya ko na jaki? Kika yi dariyar nan taki mai sa wushiryarki ta leƙo, kika kama bakin hannun rigata, rigar fa, ba hannun ba, kika juya ni arewa. Can ƙasa, saman ɗorawar da ke bayan rijiya, ga wani ɗan tauraro marar kwarjini, wanda da ni kaɗai ne ba zan dube shi sau biyu ba. Kika ce duk taurari shanu ne, kiwo suke fitowa su gangara yamma, wannan kaɗai aka kafa. In za ku kudu ku sa shi a ƙeya, in za ku dawo ku sa shi a goshi. Wayyo Barakatu! Ranar nan ban san wanda na fi kallo ba, tauraron ko ɗan yatsan da ke nuna shi. Na koma gida a kan babur ina waiwayen arewa har na kusa faɗawa kwalbati.

Ke kin san abin da Turke yake a wurin Baffanki, mahaifinki Malam Buba, amma bari in faɗa, don ki san ni ma na sani. Duk ƙasar Kiru an san shi da abu guda: in zai ba da magana mai nauyi, sai ya jira magariba ya nuna tauraron nan. Da haka ya sasanta da manoman Badafi shekarar da shanu suka shiga gero. Da haka mutane suke ba shi amanar dabbobinsu su koma gida su yi barci. Ba takarda, ba dangwala yatsa. Ranar da kawuna ya je nema mini aurenki, ya dawo ya maimaita mini maganar Baffa kalma-kalma: "Ba rantsuwa nake yi ba, rantsuwa da Allah ake yi. Misali nake ba ku. Kun ga wancan? Muddin yana wurinsa, maganata tana wurinta. Na ba Labaran Barakatu, tunda ita ma ta ce ta yarda." Na ji kamar an buɗe mini ƙirji an zuba madara. Wa ya kai ni? An ɗaure aurena a jikin abin da ba ya motsi!

To ga abin da ya faru, daga bakina, ba daga bakin 'yan kasuwa ba.

Akwai wani mai safiyo, Malam Gwadabe, da ya kama gida nan Bebeji yana awon hanyoyin ruwan noman rani. Janaretansa ya lalace aka kira ni. Da na tayar da shi, sai ya ce in dakata ya gwada kwamfutarsa ya gani ko wutar ta zauna. Ban taɓa tsayawa kusa da kwamfuta ba sai ranar. Ya zura mata wani ɗan faifai baƙi mai kusurwa huɗu, ta yi gurnani, gilashin ya yi baƙi ƙirin, sai ga taurari. Da tsakar rana, Barakatu! A waje ana kiran azahar, awaki suna neman inuwa, a cikin ɗaki ga sama guda a cikin akwati. Na ga Kaza da 'ya'yanta. Na gane su kamar yadda kike gane saniyarki a garken wani. Na ce, "Malam, ina Turke?" Na kwatanta masa. Ya ce ai shi ne abokin aikinsa, da shi yake gane arewa ta gaskiya in zai ja layi, don allurar awo takan ruɗe kusa da ƙarfe. Na ji daɗi, na bugi ƙirji na ce, "Shi kaɗai ne ba ya motsi." Sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Da ma na ɗauki jakar kayan aikina na fita! Da ma janaretan ya sake mutuwa a lokacin! Amma kin san ni, in an ce mini wa ya gaya maka, sai na ga ƙarshen zancen.

Ya ce kowane tauraro yana da lambar mazauninsa, kamar gida a unguwa. Ya ɗauko wani tsohon littafi da aka rubuta lambobin a 1950, ya ce in ya yi aiki da su a yau yadda suke, layinsa zai karkace. Dole sai kwamfuta ta gyara kowace lamba ta kawo ta shekarar da muke ciki, don wurin da ake fara ƙirgar, wato inda rana take tsayawa ranar da dare da yini suka yi daidai, shi kansa ja da baya yake yi kowace shekara. Kaɗan-kaɗan, ido ba ya gani. A tsawon rayuwar tsoho guda, kamar faɗin wata biyu in an jera su. Na ce wannan lissafin takarda ne, ni Turke nake tambaya. Sai ya sa wata 'yar alama a gilashin, ya ce nan ne ainihin tsakiyar da sama take juyawa a kai. Barakatu, Turke ba ya kan alamar. Yana gefenta. Shi ma kewaya ta yake yi, ɗan kewaye ƙarami, kamar maraƙin da aka ɗaure da gajeriyar igiya.

Bai tsaya nan ba. Ya danna shekara ta dubu uku. Tauraron ya matsa. Dubu biyar, ya yi nisa. Ya riƙe madannin, shekaru suna zuba kamar tsaba daga buhun da ya ɓarke, ni kuwa ina tsaye ina kallon Turken Baffanki yana tafiya, yana tafiya, ya shiga cikin sauran garke ya zama ɗaya daga cikinsu, har na kasa gane shi. Wani ƙaton tauraro mai haske ya matso kusa da wurin. Ya mayar da ita baya, zamanin da ya wuce da dubban shekaru, can ma wani ne daban yake tsaye a wurin. Na ce, "Malam, tsayar da ita!" Ya yi dariya ya ce, "Kai Labaran, kamar an ce gobe ne. Sai ya yi shekara wajen dubu ashirin da shida kafin ya zagayo ya dawo. Kuma ba shi ne yake tafiya ba, duniya ce take layi, kamar mazarin tsohuwa in ya fara gajiya." Shi dariya yake yi. Ni kuwa ban taya shi ba, don ni na san abin da aka ɗaure a jikin tauraron nan.

Na so in yi shiru. Allah shi ne shaida, na so. Na danne maganar a cikina tana ci na kamar garwashi a aljihu, har ranar kasuwar Yako. Na je wajen 'yan shanu in gaishe da Baffa, na durƙusa nesa kamar yadda ya kamata suruki ya yi, kaina a ƙasa. Ana cinikin wani bijimi, mai saye yana shakkar lafiyarsa, wani dillali ya ce, "Kai, maganar Malam Buba ce fa, Turke ce, ba ta motsi." Sai Dikko ya hango ni ya ɗaga murya: "Ga Kaɗonmu, Bahaushe mai karatun bola! Kai Labaran, a littattafan naka na ƙunshe ƙosai akwai Turke kuwa, ko Turawa ba su kai nan ba?" Mutane suka yi dariya. Ke kin san yayanki, kin kuma san ni. Jinina ya hau kaina. Kafin in san na buɗe baki na ji muryata tana cewa, "Akwai shi, har na ga abin da kai ba ka gani ba. Turken naku motsi yake yi. Tun zamanin kakanku ya goce daga inda yake, kuma watarana zai bar wurin gaba ɗaya."

Kin taɓa jin kasuwar shanu ta yi tsit? Ni na ji. Sai wani manomi, cikin waɗanda aka yi rigimar gero da su, ya tuntsire da dariya ya ce, "A'aha! Malam Buba, ashe duk maganganun naka a sake suke yawo? To a dawo mana da zancen geronmu!" Wani ya ce, "Mai bijimi, kama kuɗinka, turke ya tuge!" Dariya ta kama ko'ina, har masu sayar da igiya. Baffanki bai dube su ba. Ni ya duba. Da zagina ya yi da na ji sauƙi, da sanda ya ɗaga da na miƙa masa baya. A hankali ya ce, "Yaro, da idonka ka gani?" Na ce, "Da idona, Baffa." Ya gyaɗa kai, ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya ce, "To madalla. Ni a jikinsa na ɗaure maganata. Tunda ka ce ya bar wurinsa, ka dawo ranar da ya koma."

Barakatu, duk kasuwar nan ni kaɗai na san yaushe ne ranar. Shekara dubu ashirin da shida! Su sun ɗauka baƙar magana ce ta dattijo, ni kuwa lissafin yana cikin kaina yana bugawa kamar guduma.

Shekaranjiya Dikko ya zo rumfata. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Kaɗo, Baffa ya huce kaɗan, Inna ta sa baki. Ga sharaɗi: ranar kasuwa mai zuwa ka tsaya a inda ka tsaya, ka ce ƙarya ka yi, akwatin Bature ne ya ruɗe ka, Turke yana nan daram. Ka faɗa da ƙarfi, masu dariyar su ji. In ka yi, magana ta koma wurinta. In ba ka yi ba, mu dai kwashe turakunmu za mu yi mu gangara Doguwa, kuma bana ba lallai mu dawo Badafi ba, tunda an nome burtali, yanzu kuma an nome mutuncin tsoho." Na ce, ita Barakatu me ta ce? Ya tofar da rake ya ce, "Barakatu 'yar Fulani ce, ba ta da baki a inda ubanta ya sha kunya."

Shin haka ne? Ba ki da baki? Ke da kika rufe mini nawa da tambaya ɗaya a bakin ruga?

Ina jin haushi, kuma ba zan ɓoye miki ba. Ina jin haushin Dikko, da ya tono ni a gaban mutane don ya ga na fashe, yanzu kuma ya sa rigar mai sasantawa. Ina jin haushin manomin nan da ya samu dama ya rama tsohon fushinsa da bakina. Ina jin haushin masu yawo da ni a gari, wai na je wurin injin duba, wai ina da'awar sanin gaibu. Wane gaibu? In Inna ta ga cikin saniya ta ce wata kaza za ta haihu, boka ce? Lissafi ne, jama'a, lissafi! Wanda ya halicci tauraron shi ya halicci tafiyarsa, kuma shi kaɗai ne ba ya gushewa. Wannan kuwa ko a makarantar allo an gaya mana. Ina jin haushin Malam Gwadabe da yake nuna wa mutum irin wannan abu yana shan shayi. Amma duk haushin nan kumfa ne a saman ƙwarya, Barakatu. A ƙarƙashinsa tsoro ne zalla.

Kin san abin da ya fi ba ni tsoro? Ba tafiyar tauraron ba. Maganar nan ce da Malam Gwadabe ya yi, cewa ba tauraron ne yake tafiya ba, mu ne. Shi yana nan inda aka ajiye shi. Duniya ce take juyar da fuskarta daga gare shi, a hankali, a hankali, yadda ba wanda zai ce ga ranar da aka fara. Tun da na ji haka na kasa daina tunaninki. Na gan ki a Yako bayan abin ya faru, kina zaune cikin masu nono, na tsaya a gabanki har inuwata ta faɗa kan ƙwaryarki, kika ci gaba da damu kamar gajimare ne ya gifta. To yaushe aka fara? Ranar ce? Ko tun kafin nan kin fara gajiya da bakina, kina karkata kaɗan-kaɗan, ni ina ta surutu ban lura ba? Ranar da kika ce mini, "Kai ba ka iya barin magana ta kwana," wasa kike yi ko gargaɗi? Wayyo furen ɗorawata, wayyo tsuntsuwar da ta sauka a kafaɗar mahaukaci! In ke ce kike juyawa, wace kwamfuta ce za ta nuna mini, in gani tun da sauran lokaci?

Ki saurara, akwai abin da ban faɗa a kasuwa ba, don a lokacin ni ma ban sani ba. Bayan Dikko ya tafi na rufe rumfa na koma gidan Malam Gwadabe kamar wanda kare ya biyo. Na ce masa, "Malam, bar dubban shekarun nan, ba ruwana da su. Nuna mini namu. Shekara-shekara, a hankali." Ya ga idona, bai yi dariya ba wannan karon. Ya matso da wurin ya yi girma, ya fara dannawa ɗaya-ɗaya. Barakatu, hasken raina, kin san abin da na gani? Matsowa yake yi! Tazarar da ke tsakanin Turke da ainihin tsakiyar raguwa take yi. A zamanin kakan Baffa ya fi haka nisa. Yau ya fi jiya kusa. Ranar da za ki haifi ɗanki na fari zai fi yau kusa, ranar da furfura za ta fito miki zai fi haka, kuma zai ci gaba da matsowa har sama da shekara ɗari nan gaba, sai mun zama ƙasa, mu da 'ya'yanmu, kafin ya fara ja. Na zauna a ƙasan ɗakin mutumin nan na rufe fuska da hula. Gocewar da na yi wa Baffa gori da ita, ashe gocewa ce zuwa wurinsa. Duk tsawon ran Malam Buba, Turkensa ƙara kafuwa yake yi.

To ki gaya mini, wannan ba ta fi ƙaryar da ake so in yi daɗi ba? Zan iya tsayawa a kasuwa in faɗi wannan da dukan muryata. Zan iya durƙusawa a gaban Baffa in ce na yi rashin kunya, don na yi, suruki ba ya ɗaga murya a inda surukinsa yake zaune. Zan iya gaya wa manomin nan cewa maganar Malam Buba ba tauraro ne ya riƙe ta ba, Malam Buba ne, shekara da shekaru, kuma duk wanda ya ba shi amanar saniya ya sani. Amma in ce ban gani ba? In ce ba ya motsi? Na aika wa Dikko da wannan bayani, ya ce a gaya mini su ba dogon Turanci suke so ba, kalma biyu ce: "Na yi ƙarya." Shi ya ƙirga ta biyu, ni ko gyara masa ban yi ba.

Ga inda tsoron ya kai ni maƙura, kuma ke kaɗai zan gaya wa. Ina tsoron in ƙi faɗa in rasa ki, in tsaya a bakin titin Kano ina kallon ƙurar garkenku tana yin kudu, ke kina tafe kin sa Turke a ƙeya, kin sa ni a ƙeya. Wannan tsoro ɗaya ne. Na biyun ya fi shi muni: ina tsoron zan faɗa. Na san kaina. In na hango ki a cikin taron nan, idonki ya sauka a kaina, zan buɗe baki in ce ƙarya na yi, in ce akwati ne ya ruɗe ni, in ce duk abin da suke so. Daga nan fa? A kawo mini ke, mu zauna a tsakar gida da magariba, ki ɗaga kai arewa, ni in sunkuyar da nawa? Ki riƙa kallona kina cewa a ranki, wannan da aka matsa shi ya musanta idonsa, in ya ce yana so na, wane matsi ne zai sa ya musanta? Ni da ba ni da shanu, ba ni da gona mai faɗi, ba ni da takardar makaranta ko ta firamare cikakkiya. Abu ɗaya na mallaka da zan kawo gidanku, shi ne in na ce na gani, to na gani. In na ajiye shi a kasuwar Yako, da me zan aure ki?

Ba zan ce miki sona kamar tauraro yake ba, na daina wannan. Ba zan ce kamar dutse ba, wa ya san abin da kwamfuta za ta ce a kan dutse? Ga abin da zan ce, ya ke zumar da ƙudan daji suka ɓoye mini, ya ke ruwan farko a kan busasshiyar gonata: in kun gangara Doguwa zan biyo ku da jakar kayan aikina a baya, in kun wuce Doguwa zan wuce. In Baffa ya kore ni zan zauna a inda zan riƙa jin kukan shanunku. In an ce in jira, zan jira har haƙorana su zube. Ba zan kalli wata ba, ba zan aika kawuna ƙofar kowa ba, kuma duk ranar da numfashina zai fita, sunanki ne zai bi bayan kalmar shahada. Wannan ba a jikin komai na ɗaure shi ba. A wuyana yake.

Amma hukuncin nan ba zan yanke shi ni kaɗai ba, kuma ba zan karɓe shi daga bakin Dikko ba. Ranar kasuwa zan zo wajen 'yan shanu, in tsaya a inda na tsaya. Ki bar ƙwaryarki wurin ƙawayenki ki zo. Na san abin da nake roƙo, na san kunyarku, na san 'yar Fulani ba ta ɗaga murya a gaban ubanta, balle a gaban dillalai. Ni ma an ce in yi abin da ya fi ƙarfina a gabansu. Ki tsaya inda Baffa zai ji, inda Dikko zai ji, inda mai dariyar gero zai ji, zan tambaye ki sau ɗaya: Barakatu, wanne zan faɗa? In kika ce in faɗi abin da na gani, zan faɗa, ko da za a kore mu tare. In kika ce in ce ƙarya na yi, wallahi zan ce, in haɗiye, in aure ki a haka, ke kuma ki san irin mijin da kika zaɓa. Amma kada ki aiko. Kada ki sunkuyar da kai ki bar ni in yi ta fassara shirunki. Ki zo ki buɗe baki a gaban mutane, Barakatu, ki amsa mini.

Naki, yau da ranar kasuwa da duk abin da zai biyo bayanta,
Labaran